Jar Tuta a Makarantar Bakin Kasuwa

"Talata dai, Taiba. Ban roƙe ki komi ba sai Talata."

"Ikon Allah, na kwance ya faɗi," in ji Taiba, ko ɗago kai ba ta yi ba. "Yau Malam Misbahu ne da roƙo? Zamna mana, bawana. Kujerar ba ta cizo."

Misbahu ya yi 'yar dariya irin ta mutumin da takalmi ke matsa wa, ya tattare babbar rigarsa ya zauna. Shi ɗan Gwaggonta ne, ita kuwa 'yar kawunsa, don haka taubasai ne. Tun suna ƙanana take kiransa bawa yana kiranta uwar ɗaki. Sai dai rabon da wasan ya yi zaƙi a bakin ɗayansu, an kwana biyu.

"Uwar ɗakina, ke ma kin san yadda munka saba. Duk shekara ranar Talata ake yi muna jarrabawar. Malamai sun saba, ɗiya sun saba. Mi za a canza?"

"Ɗiya sun saba," ta maimaita a hankali, kamar tana ɗanɗana maganar. "Waɗanne ɗiya?"

"Ɗiyan makaranta mana."

"To, na ji. Ka gaida Gwaggo."

"Ba ki ba ni amsa ba."

"Amsa na nan tahe. Ai ka san hanyar da amsar kwamiti ke bi, kai ka share ta."

Ya tashi ya fita. Ƙamshin turarensa ya daɗe a ofishin bayan fitarsa. Taiba ta miƙe ta buɗe taga.

Ofishin na Kwamitin Auna Ƙwazo ne, wanda aka kafa don a farfaɗo da ƙananan makarantun sakandare na Mafara da Bakura da Maradun. Tsarinsa ba shi da wuyar ganewa. Kowace shekara a auna makarantu, a jera su daga ta gaba har ta ƙarshe. Wadda ta zo gaba a ɗaga mata koriyar tuta. Wadda ta zo ƙarshe a ɗaga mata ja a bakin ƙofa, kowa ya gani, shugabanta kuma a sauke shi a tura shi ƙauye. Ranar awo kuwa, jami'in da aka ba makarantar shi ke yanke ta. A da Misbahu ne jami'in makarantar da yanzu yake shugabanta. Bana Taiba ce.

A shekarar da aka fara tsarin, da yawan yaran da ke halartar aji ake awo. A lokacin mijinta Hayatu ke shugabancin makarantar da mutanen Mafara ke kira ta Bakin Kasuwa, saboda katangarta da rumfunan masu tumatir kusan jingine suke da juna. Duk wanda ya sha ruwan garin nan ya san abin da Talata take nufi. Ranar kasuwa ce, ranar da garin ya samo sunansa na Talatar Mafara. Tun safe motoci ke kwararowa daga Garbadu da Dakko da ko'ina, kuma yaran unguwar kasuwa, mai tsare wa uwa tire, mai taya uba ɗaurin buhu, mai jan akuya, ba ka ganin ƙeyarsu a aji. Hayatu ya san haka. Shi ya sa ya ƙirƙiro darasin yammacin Laraba, yana maida musu abin da kasuwa ta cinye, ba tare da wani ya sa shi ba.

Misbahu ma ya san haka. A unguwar aka haife shi. Amma da ya tashi zuwa ƙidayar yara, sai ya zo ranar Talata da hantsi, lokacin da kasuwa ta cika ta batse. Ya bi aji-aji yana leƙa kujerun da ba kowa, yana girgiza kai kamar mai ta'aziyya. Sauran makarantu kuwa Alhamis ya je musu.

Wasu sun ce kujerar yake so, don an riga an ji ƙishin-ƙishin za a yi wa makarantar sababbin azuzuwa. Wasu suka ce a'a, tsohon miki ne, tun ranar da Taiba ta ce wa Gwaggo ita zumunci take yi da Misbahu ba soyayya ba, ta zaɓi wani dogon malamin Hausa mai keke da littattafai a jakar buhu. Ita dai Taiba ba ta taɓa ɓata lokacinta wajen rarrabewa ba. Ko kura ta ci akuya don yunwa ko don mugunta, akuya dai ta tafi.

Abin da ba ya barin idonta shi ne ranar ɗaga tuta. Aka tara yara a filin makaranta, 'yan kasuwa suka yi cincirindo a kan katanga. Misbahu ya miƙa wa Hayatu igiya ya ce doka ta ce shugaba ne zai ja da hannunsa. Hayatu ya ja. Hannun nan da ke rubuta mata baitoci a gefen jarida, hannun da alli ya busar, shi ya ɗaga jan ƙyalle sama a hankali, fuskarsa ba ta motsa ba. Wani daga kan katanga ya yi ihu, "Malam Wutsiya!" Aka kwashe da dariya. Sunan ya bi shi har ƙauyen Tsibiri inda aka tura shi, ya riga shi shiga aji. Bai cika shekara ba ya ajiye alli. Kafin damina ta zagayo, Misbahu ya bar kwamiti ya hau kujerar Hayatu, a cikin sabon ofishi mai fanka.

Taiba ba ta yi kuka a gaban kowa ba. Ta koma karatu, ta ƙara takarda a kan takarda, ta yi shiru irin na garwashin da toka ta rufe, har ranar da aka kira ta aka ba ta kujerar da Misbahu ya bari.

Da ta zo, ta tarar ma'auni ya sauya. An daina ƙirga kawuna, an koma jarrabawa: a haɗa makin waɗanda suka zauna, a raba, a ga inda makaranta ta tsaya. Kuma abin mamaki, Bakin Kasuwa ce ke ɗauke koriyar tuta shekara bayan shekara. Har a taro ake kiran Misbahu ya koya wa sauran shugabanni sirrin nasara.

Sirrin kuwa a kasuwa Taiba ta tsince shi, bara, tana cinikin kifi. Ta hangi Bushra, 'yar maƙwabciyarta, zaune gaban kaskon awara, alhali a daidai lokacin ana can ana jarrabawar kwamiti a bayan katanga.

"Ke Bushra, ba yau ne awonku ba?"

"Awo, yau ne, Anti. Amma Malam ya ce mu 'yan baya mu huta, mu taimaki iyayenmu. Ya ce albarkar uwa ta fi jarrabawa." Yarinyar ta juya awara tana murmushi. "Malam na da kirki."

Taiba ta tsaya da kifi a hannu har mai kifin ya tambaye ta ko lafiya. Yaran da Talata ke ɗauke wa karatu su ne na baya a aji, tun da aka binne darasin Laraba tare da sunan wanda ya ƙirƙiro shi. In aka yi jarrabawa ranar Talata, su ne ba sa nan. Sai 'ya'yan ma'aikata da na masu hali su zauna, maki ya tashi sama. Ashe wuƙar da ya yanka Hayatu da ita, ita ce yake yanka wa kansa nama da ita. Ranar nan Taiba ta koma gida ta soya kifi yana ƙonewa tana kallo, tana jin wani abu mai kama da farin ciki, amma mai ɗaci a ƙarshen harshe.

Yanzu ga shi ya zo da ƙafarsa yana roƙon Talata.

Da ta tashi daga aiki ba ta nufi gida ba. Ta hau mashin zuwa gonakin da ke shan ruwan madatsar Bakolori, inda Hayatu ke noman shinkafa tun da ya bar aji. La'asar ta yi sanyi, shinkafa ta yi kore shar har iyakar gani, balbelu na bin kunya-kunya. Ta hango shi cikin ruwa zuwa ƙwauri, da malafa a ka. Har yau in ta hango tsawonsa daga nesa sai ƙirjinta ya buga kamar ranar farko, sannan ya yi nauyi.

"Sannu da aiki, Malam."

"Na hana ki wanga suna." Ya fito yana wanke hannu a magudanar ruwa. "Sannu da zuwa, Gimbiya. Ƙaƙa ofis?"

Gimbiya yake ce mata tun suna zance. Wannan kaɗai ya rage daga cikin kayan da. Littattafansa suna cikin kwali a ƙarƙashin gado, gara ta fara yi musu baƙunta. Mutumin da a da ba ya iya shan shayi sai ya karanta mata wani abu, yanzu ko allon talla suka wuce sai ya kau da kai.

Ta ba shi labari. Ya saurara yana murza zangarniya tsakanin yatsu.

"Ki ba shi Talatarshi," ya ce.

"Mi kac ce?"

"Ki ba shi. Ni na wuce wurin. Shinkafa ba ta kirana wutsiya."

"Kai ka wuce, ni ban wuce ba. Ina nan tsaye bakin katangar, Hayatu. Ban gusa ba ko taki."

"To in kin kayar da shi, mi za ya dawo? Ni?"

Ta san amsar, kuma amsar ce ke ƙara hura mata wuta. Da a ce zai dawo, da wataƙila ta yafe.

"Akwai ɗiyan mutane," ta ce. "Bushra na aji uku ba ta iya karanta sunan unguwarsu. Ana ɓoye su kamar abin kunya."

Hayatu ya dube ta, irin duban da yake yi wa ɗalibin da ya kwafo amsar daidai daga littafin wani.

"Gaskiya ne. Amma gaya mini tsakaninki da Allah, don su za ki yi, ko don ni?"

"Ba don su ba," in ji Taiba. "Ba kuma don kai ba. Don shi."

"To kin ga. Za ki zaunar da yarinyar gaban takardar da ba ta iya karantawa, ta yi zufa, ta ji kunya, don ki samu sandar dukan ɗan Gwaggonki."

"Awo, na sani. Shi ya mayar da su ganye ya rufe ramin shi. Ni zan yaye ganyen. In sun ji rana, ba ni na haƙa ramin ba."

Ya ɗaga kafaɗa, ya koma cikin ruwa. Amma ta lura ya daɗe a sunkuye wuri guda, hannunsa bai cire ko ciyawa ɗaya ba.

Washegari Gwaggo ta zo. Ba ta aiko ba, da kanta ta zo, tana dogara sanda, da ƙullin hoce a gefen mayafi, wainar dawan nan da take gasa wa Taiba tun tana yarinya. Ita ta raine ta bayan rasuwar mahaifiyarta. Ita ta yi mata kitson farko, ita ta raka ta ɗakin Hayatu duk da zuciyarta ba ta so ba. Aka gaisa, aka tambayi gida da gajiya da ƙafa da masu jiki, aka sake gaisawa. Sannan tsohuwa ta kwance ƙullin ta tura mata.

"Ci, ɗiyata. Kin rame. Aikin gwamnati na shan jini."

Taiba ta gutsura. Ɗanɗanon ya kai ta wani tsakar gida mai bishiyar darbejiya, inda ita da Misbahu ke faɗa a kan ɓawon ƙasan tukunya.

"Ɗan'uwanki ba shi barci," in ji Gwaggo. "Ban san kan aikinku ba, ban yi boko ba. Amma ya ce rana guda ce a hannunki. Rana guda, Taiba. Mi a rana guda?"

"Rana guda ce ta maida mijina gona, Gwaggo."

"Na sani. Na yi mai faɗa a lokacin, Allah shi ne shaida. Amma hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. In anka kai shi ƙauye, wa za ya kai ni asibiti? Wa za ya rufe ni?" Muryarta ta karye. "Ban taɓa ce miki ki biya ni nono ba, don ban ba ki nono ba. Goyo na ba ki. Bayan nan nawa shi ka roƙonki."

Taiba ta ji hawaye sun cika mata ido. Ta riƙe hannun tsohuwar, busasshe mai ɗumi, ta kasa cewa komai. Gwaggo ta ɗauki shirun a matsayin alkawari. Ta tashi tana sa albarka, ta ce a bakin ƙofa, "In kin kunyata shi, kin kunyata ni. Kada ki taka gidana in hakan ta faru. Amma na san ba za ki yi ba."

Kwanakin da suka biyo baya Taiba ta yi su kamar mai zazzaɓi. In ta tuna bayan Gwaggo sai ta ce a ranta ta haƙura. In ta shiga ɗaki ta ga kwalin nan a ƙarƙashin gado sai haƙurin ya ƙone ƙurmus. Ta kuma gane wani abu: ko ta sa Laraba a takarda ta aika makaranta, aikin banza ne. Misbahu zai sami kwanaki ya bi 'yan baya ɗaya-ɗaya da murmushinsa, ya ce su ƙara hutawa. Maganar da ta bi ta ofishinsa a ofishinsa za ta mutu. Sai dai maganar da ta shiga kunnen iyaye kai tsaye, a wurin da duk suke, a lokacin da ya rage masa babu damar yin komai.

Ranar Litinin ta shaida wa shugaban kwamiti cewa ta yanke rana, za ta sanar da kanta. Ya ce haƙƙinta ne.

Talata ta zo da rana mai zafi. Taiba ta sa atamfar da ta sa ranar ɗaga tuta, wadda ba ta ƙara taɓawa ba tun ranar. Ta ratsa layin masu hatsi, ta wuce masu albasa, ƙurar kasuwa da ƙamshin ƙuli da kukan awaki suna bin ta. Ko'ina ta duba sai ta ga yaran Bakin Kasuwa: wannan na auna gero, wancan na riƙe da igiyar tunkiya, ga Bushra can gaban kaskonta. Ta bayan katanga kuwa koriyar tuta na kaɗawa.

A tsakiyar kasuwa akwai Jibrin mai maganin gargajiya, wanda lasifikarsa ke kai wa har tasha. Yana cikin yabon maganin basir ta tsaya a gabansa.

"Malam Jibrin, ara mini bakinka."

"Hajiya, cigiya ce? Yaro ya ɓace?"

"Yara dai. Da yawa. Amma na gan su."

Ya miƙa mata. Ƙarfen ya yi zafi a tafinta. Ta ɗaga ido, sai ga Misbahu a ƙofar makaranta, ya fito sayen goro, ya tsaya cak da ya gane ta. Daga nesa ya ɗaga mata hannu, yana murmushin taubashi, murmushin mutumin da uwarsa ta gaya masa an gama magana. Can gefen masu buhunan shinkafa kuma ta hangi wata doguwar inuwa da malafa. Ba ta san Hayatu zai shigo kasuwa yau ba. Bai matso ba, bai kuma tafi ba.

Ta tuna hoce. Ta tuna ƙofar gidan da ba za ta sake takawa ba, da hannun nan busasshe mai ɗumi. Zuciyarta ta ce mata har yanzu tana iya cewa cigiyar akuya take yi, ta mayar wa Jibrin kayansa. Sai iska ta kaɗa tutar, igiyarta ta bugi ƙarfe, ƙarar da ta ji ranar nan tana tsaye a bakin katanga.

Ta kai lasifikar bakinta.

"Salamu alaikum, jama'ar kasuwa! Iyayen ɗiyan makarantar Bakin Kasuwa, ku saurara. Ni ce Taiba matar Malam Hayatu, wanda kunka sani." Hayaniya ta fara lafawa, kawuna suka juyo. Murmushin Misbahu ya tsaya a fuskarsa kamar an manna shi. "Ni kwamiti ya ba awon wagga makaranta bana. Na yanke rana. Ba Talata ba ce, ba kuma za ta sake zama Talata ba muddin ina kan kujerar. Gobe Laraba, da safe, kowane yaro da kowace yarinya, na gaba da na baya, har ke Bushra, kowa ya zo ya zamna. Wanda anka ce mai ya huta, ku gaya mai hutu ya ƙare. Ni da kaina zan tsaya bakin ƙofa in ga shigar kowa. Tutar da Allah Ya ba makarantar kuma, mai kujerar ne za ya ja igiyarta da hannunshi, kamar yadda doka ta ce!"